Yaya da Baƙo Na Tara

Jama'a, a gyara zama, a yi shiru! Ga Gimbiyar Ɗakin Sanyi, mai karanta abin da kowa ya tsallake, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta raba ni da kujerata.

Tun muna yara haka take. In Baba ya sayo rediyo, ni in hau murɗe-murɗe, ita ta zauna da takardar cikin kwali sai ta ga ƙarshenta. Na ajiye makaranta a aji huɗu, ita ta zarce. Amma ni na riga ta shiga kamfanin nan, wannan a rubuta a ajiye.

Babbar kwamfuta guda ce a ɗakin sanyi, an yanka ƙanana goma sha biyu a cikinta, marasa jiki, muna ce musu baƙi. Baƙo na tara kullum da hantsi sai ya sanƙare. Ni ke kashe shi in kunna, ya tashi garau. Wata bakwai ina wannan. Har suna aka sa min, Hannun Albarka. Manaja ya ba ni kujera daidai inda sanyi ke busowa, ya ce ƙarshen wata zai tabbatar da ni a aiki.

Sai ga Yaya. Kwana biyu ba ta taɓa komai ba, tana ta karanta dogon rubutun da na'urar ke zubowa, wanda nake gogewa kowace safiya don allo ya yi tsaf. Rana ta uku ta kira Manaja. Wai akwai mita mai ƙirga aikin kowane baƙo, in ta cika sai ta buga ƙararrawa. Wanda ya kafa na tara ya kunna mitar, bai nuna mata inda za ta buga ba. Sai ta yi ta bugawa babu mai amsawa, har baƙon ya shaƙe. Layi uku Yaya ta rubuta wa na'urar: in ba a saita ƙararrawa ba, kada mita ta tashi. Layi uku fa!

Yau sati biyar, ɗan banzan ko tari bai yi ba. Yaya tana kan kujerar, takardar tabbatarwa da sunanta ta fito, ni ina jan wayoyi a baranda cikin zufa.

Na tare ta a ƙofa. "Yaya, wata bakwai ina jinyar baƙon nan, kin zo kin kwashe ladan."

Ko tsayawa ba ta yi ba.

"Wata bakwai yana faɗa maka ciwonsa kana gogewa, Auta. Matsa in wuce."