Langar Inna da Kek ɗin Tukunyar Yashi

Kek ɗin da na fara gasawa a rayuwata, a cikin yashin kogin Kwara na gasa shi, kuma ba kwaɗayi ne ya sa ni ba. Wata langa ce ta ja min, langar da ma ba tawa ba.

A shekarar aka kawo ni Bagudo ina amarya daga ƙasar Zuru, maigidana yana koyarwa a wata firamare. Muka kama hayar ɗaki biyu, katanga ɗaya ta raba mu da gidan wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Inna. Sana'arta alkaki da nakiya da dubulan, duk mai shirin kai gara da ita yake fara shawara. In danginta na tsallaken iyaka suka zo, Dandanci suke yi har su tafi, ni kuwa da Hausa take ja na. Inna ta iya gaisuwa. In ta tare ni da safe a bakin ƙofa, sai ta tambayi kwanana, da gajiyata, da maigidana, da mahaifiyata da ba ta taɓa gani ba, har kajin da ba ni da su sai ta tambaya. Nakan tsaya da bokiti a ka har wuyana ya sage, amma ina jin daɗi, don a duk garin ita kaɗai ke tuna min cewa ni ma 'yar wata ce.

Babbar Sallah ta faɗo cikin damina a shekarar. Da hantsi sai ga surukar Inna, matar ɗanta, da langa mai murfi, fara da zanen jajayen furanni, gefenta ya ɗan ɓantare. Tuwon shinkafa ne a ciki da nama, ga alkaki huɗu an ƙunso daban a ɗora a kan murfin. Muka ci muka lashe hannu. Na wanke langa tas, sai na tsaya ina kallonta. Mahaifiyata ta hore ni cewa kwanon mutane ba ya komawa wofi, kuma abin da za a sa a ciki ya zama aikin hannunka. To ni me zan dafa wa matar da ke ciyar da bikin gari? A lokacin ko tuwona sai maigidana ya yi addu'a mai tsawo kafin ya sa hannu. Sai wata dabara ta zo min, wadda na ɗauka hikima ce: in ajiye langar har Kirsimeti, in cika ta da abin da Inna ba ta iya ba. Na naɗe ta a tsohon zane na tura ƙarƙashin gado, ban gaya wa kowa ba.

Baƙo makaho ne ko da idonsa a buɗe. Gaisuwar Inna ta fara gajarta ban lura da wuri ba. Kajin ne suka fara fita daga ciki, sai mahaifiyata, sai maigidana. Kafin a gama girbin shinkafa, abin da ya rage "lahiya" ce kawai, ita ma tana kallon wani wajen. Abin ya dame ni ƙwarai. Na bincika bakina ban ga inda na yi mata rashin kunya ba.

Saura mako ɗaya Kirsimeti, muka haɗu da surukar a bakin famfo, ta ja ni gefe ta warware min. Ashe a unguwar nan kwano ba ya kwana a gidan da aka kai shi. Kafin rana ta faɗi ake mayarwa, ko da ɗan gishiri ne a ciki ko kwalin ashana, ba wanda ke duba yawan abin. Ita kuma wannan langa da ita aka kawo mahaifiyar Inna aure daga tsallake, kuma Inna ba ta aika ta sai gidan da take so a zama ɗaya. Wanda ya riƙe ta, ya nuna ba ya son a sake aiko masa. Inna ba za ta taɓa tambaya ba, in ji surukar, ta ce in ta tambaya ta zama mai bin kwano.

Na dawo gida ko ruwan ban cika ba. Gaba kura baya sayaki: in na mayar yanzu da gishiri bayan wata huɗu, raini ne, in na ƙara kwana kuma, ƙarin laifi. Da na gaya wa maigidana, sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki, wai in cika ta da ban haƙuri in rufe da murfi. Na yi masa kallon da ya sa ya tashi ya duba man babur ɗinsa ba tare da an ce masa ba.

Ranar kasuwar Tsamiya ya goya ni muka je. Na sayo fulawa da sukari, da bota da madarar gari masu rubutun Faransanci, da kwakwa biyu da riɗi. Mu Kiristocin garin ba mu da yawa, kuma an riga an sa cewa bayan sujada a gidanmu za a taru, tunda ni ce amarya. Saboda haka na soya cincin cike da bokitin fenti, na kankare kwakwa na yi kwakumeti, na yi kantu da riɗin. Waɗannan duk na baƙi ne, kuma sun yi kyau, in ban da yatsana da na haɗa da kwakwar na kankare. Kek kuwa na Inna ne. Wata ma'aikaciyar asibiti da muke coci ɗaya ta karanta min yadda ake yi a tsaye, a bakin hanya: a zuba yashi a gindin tukunya, a zuba kwaɓin a gwangwanayen madara a jera a kai, a rufe, a hura wuta. Maigidana ya je bakin kogi ya ɗebo min yashi rabin buhu, yana ta fahariya kamar wanda ya kamo giwan ruwa.

Ranar jajibere da azahar na ɗora. Na cusa itace kamar mai dafa ganda, don a ganina abin da ake so ya tashi, wuta yake so. Zubin farko ya fito ƙasa gawayi, tsakiya kunu. Na ce laifin gwangwani ne, na sake zubawa. Na biyu ya fi na farko baƙi, hayaƙi ya tsallake katanga. Ƙwan da ya rage min na zubi ɗaya ne. Na zauna a kan turmi na fashe da kuka, irin kukan haushi, ina zagin yashi da mai ɗebo shi.

Sai na ji murya daga bayan katanga: "Wa ka ƙona sukari da rana tsaka? Sukari ba shi yi ma kowa laihi ba."

Na yi sauri na share hawaye. Can sai sallama, Inna ce da kanta, karon farko da ta taka cikin gidana. Ta dubi tukunya, ta dubi baƙaƙen gwangwanaye, ta dubi langarta da na fito da ita na ajiye a kan tabarma tana jira. Ta daɗe tana kallonta. Sai ta damƙi yashin buhu ta murza, ta ce da danshi, a haka tururi zai yi ta yi wa abin daga ƙasa. Ta sa na juye na tukunyar, na zuba sabo, na yi ta juya shi a wuta kamar mai suyar gyaɗa har ya bushe ya yi zafi. Sannan ta zare itacen duka, ta bar garwashi kaɗan, ta ce sauran a ɗora a kan murfi. Na ce mata, Inna, ashe kin taɓa yin kek. Ta ce ko sunansa ba ta iya faɗi ba, amma wuta ai ɗaya ce, kuma ita ta girme ni a wajen wuta da shekara arba'in.

Ta ja kujera ta zauna ta sa min ido ina kwaɓawa. Ta ce ta ji ana cewa muna zuba giya a ciki. Na miƙa mata 'yar kwalbar ƙamshin da nake ɗigawa, ta shinshina, ta ɗiga a bayan hannu, ta ce wannan ai turare ne, ba laifi. Muka rufe tukunya muka zauna. Sau uku ina kai hannu zan buɗe, sau uku tana buge min hannu da mafici. Da ƙamshi ya cika tsakar gida, ta karyo tsinken tsintsiya ta ce in soka a tsakiya. Ya fito a bushe. Guda goma sha biyu, sun taso sun yi ja kamar bayan masa, na yi ta tsalle ina guɗa, na manta da wa nake tare.

Na jera su a langa, na durƙusa na miƙa mata, na faɗa mata duk yadda aka yi, tun daga horon mahaifiyata har ƙarƙashin gado. Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi.

"Wata huɗu kina dahuwa guda, ɗiyata? To ba ni amsarta nan. Inda anka ɗauko ta, can a ka maishe ta."

Ranar Kirsimeti, daga coci ko ɗankwali ban sauya ba, na ɗauki langa da hannu biyu na kai har ƙofar ɗakinta. Ta gutsiri ɗaya, ta tauna a hankali, ta ce sukari ya yi kaɗan kuma na yi rowar bota. Sannan ta ci na biyu, ta tura sauran bayan tulu inda jikoki ba za su gani ba.

Gidanmu ya cika. Ana ta waƙa da tafi, ana zagayawa da cincin, maigidana yana ba kowa labarin yashinsa kamar shi ya gasa. Bayan la'asar sai ga Inna da surukarta, langar nan a hannu, cike da alkaki yana ɗigar zuma. Matan coci suka matsa mata a tabarma, ta zauna tana koya wa ma'aikaciyar asibitin yadda ake sa garwashi a murfi. Kafin ta tashi alkakin ya ƙare, har da masu lasar yatsa. Ta tafi ta bar langar a tsakar gidana, ta ɗaga kai ta dubi rana, ta dube ni.

Na gane. Na wanke ta da sauri na shiga neman abin sawa, ashe baƙi sun share komai, bokitin cincin sai ɓurɓushi. Na tattara ƙwaya bakwai daga gindinsa, na ɗora kwalin ashana, na fita da gudu ba takalmi, ladan yana gyaran murya. Inna tana zaune a ƙofa da butarta. Ta buɗe murfi ta leƙa, ta rufe, ta ajiye a gefenta. Sai ta tambaye ni gajiyar baƙi, da maigidana, da mutanen Zuru, da mahaifiyata ko tana jin sanyin bana. Ina tsaye ina amsawa, hawaye na zubo min, har ta iso kan kajin.