Ranar da Tsohon Raƙumi Ya Ƙi Shan Ruwa

Komai zan iya mantawa a aikina na ɗaukar murya, amma ban da ranar da wani dattijo ya ƙi karɓar ruwa daga hannuna a tsakiyar zafin Maiduguri. Shekaru sun ja, na ɗauki muryoyin mutanen da ban san iyakarsu ba, amma har gobe in na sa belun kunne sai ranar nan ta faɗo mini a rai.

A lokacin muna da wani ɗan ɗaki a Bulumkutu da muke kira situdiyo don ƙarfin hali kawai. Bangon duk kwalin ƙwai ne da tsofaffin katifu, wai don kada hayaniyar titi ta shigo. Mu biyu ne a wurin: ni mai ɗaukar murya, sai daraktanmu wanda shi ne kuma mai zane. Fim ɗin katun muke yi wa yara, labarin wani tsohon raƙumi da ya tsinci 'yar taguwa marainiya a daji, ya yi alkawarin sai ya kai ta bakin tafki. Ga wanda bai san aikin ba, a wurinmu murya ake fara ɗauka. Sai an gama da ita sannan mai zane ya zauna ya bi ta, ya buɗe bakin dabbar inda mai magana ya buɗe, ya rufe inda ya rufe.

Mai yin muryar raƙumin wani dattijo ne daga Dala, tsohon ɗan wasan kwaikwayo na rediyo. Kowa Baba yake ce masa, shi kuma yana ce mini feronyi, wato 'yata da Kanuri. Siriri ne, iska mai ƙarfi ma za ta iya ɗaukarsa, amma in ya buɗe baki sai ka waiwaya kana neman ƙaton da ya yi maganar. Ga shi ba ya tsayuwa wuri ɗaya. In raƙumi zai durƙusa a labari, to Baba ma sai ya durƙusa, ni kuma in yi ta mita.

"Haba Baba, makirfon fa a sama yake!"

"To ki sauko da shi mana, feronyi. Kin taɓa ganin raƙumin da ya gaji ya ƙame kamar soja?"

Ni da bakina ba ya shiru, amma Baba kullum sai ya kayar da ni.

Muna tsakiyar aiki muryarsa ta fara dishewa. Da fari har yaba masa muka yi, mun zaci gwaninta ce, tunda raƙumin ma ƙara tsufa yake yi a labarin. Sai wata rana ya zaunar da mu ya gaya mana gaskiya. Likitoci sun ce ciwon daji ne a maƙogwaronsa, kuma za a yi masa tiyata a cire wurin da murya take fita. In Allah ya yarda zai rayu, amma ba zai ƙara magana ba har abada. Wallahi ban san lokacin da na ce innalillahi da ƙarfi ba. Mutumin da duk rayuwarsa murya ce!

Saura fitowa ɗaya tak ba mu ɗauka ba, ita ce kuma ta ƙarshe, inda raƙumin ya kasa tashi saboda ƙishirwa, ya kwatanta wa 'yar taguwar hanya don ta ƙarasa ita kaɗai. An riga an sa ranar tiyata, an kuma hana Baba yawan magana. Darakta, don tausayi, ya nemo wani saurayi gwanin kwaikwayon muryar mutane, muka ɗauki gwaji muka kai wa Baba gida. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa: "Yaron yana da murya. Amma bai taɓa jin ƙishirwa ba. Ku bar mini raƙumina, ni na kawo shi nan, ni zan kwantar da shi."

Shi ya zaɓi lokacin da zai zo, tsakar rana, ana saura 'yan kwanaki a shiga da shi tiyata. Wanda ya san Maiduguri a watannin zafi ya san abin da nake nufi. In za a ɗauki murya kuma dole a kashe fanka a rufe ƙofa, ɗakin ya koma tanda. Darakta ya fita ya roƙi mai walda da ke maƙwabtaka da mu ya ɗan dakata, ya tsaya a bakin titi yana ɗaga wa masu keke napep hannu kada su danna oda. Mun sani sarai sau ɗaya maƙogwaron nan zai iya. In wata ƙara ta shigo ta ɓata ɗaukar, shi ke nan.

Baba ya shigo ya ce mini wushe, wato sannu da Kanuri, na amsa, na miƙa masa ruwa mai sanyi kamar yadda nake yi wa kowa. Ƙa'idar aikinmu ce, domin busasshen baki yana yin wani ƙas-ƙas da makirfo yake kamawa. Sai ya ture hannuna a hankali. Na duba leɓɓansa na ga sun bushe sun tsattsage. Ashe tun asuba bai sa ko ɗigon ruwa a bakinsa ba.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na ce, "Baba, don girman Allah! Da wannan ciwon, a wannan zafin? Kashe kanka za ka yi mana a nan? Kuma ƙarar bakinka za ta fito!"

Ya yi murmushi ya nuna makirfon da yatsa. "Ita nake so ta fito."

Ya durƙusa. Wannan karon ban yi mita ba, na sauko da makirfon har dab da ƙasa, na koma na danna na'urar ɗaukar murya.

Bai fara da magana ba. Numfashi ya fara ja, dogo, mai kakari, irin na dabbar da ta yi tafiya har ƙarfinta ya ƙare. Na ji harshensa yana ɓamɓarowa daga dasashi. Sannan muryar ta zo. Ni da na yi watanni ina sauraron Baba, ban taɓa jin wannan muryar ba. Ba ta da ƙarfi ko kaɗan, amma ta cika mini kai gaba ɗaya. Na rufe ido, sai katifu da kwalin ƙwai suka ɓace, na ga rairayi, na ga ƙatuwar dabba a kwance tana ƙoƙarin ɗaga wuya.

"Tashi, 'yar nan. Ki bi inda tsuntsaye suke bi. In kin ji ƙasa ta fara sanyi a ƙafarki, kin kusa. Kada ki waiwayo, ina nan ina kallonki."

A nan rubutun ya ƙare. Na kai hannu zan tsayar, sai na ji ya sake jan numfashi. Muryar ta karye a tsakiya, ya haɗa ta da ƙyar, ya ƙara abin da babu wanda ya rubuta masa:

"In kin isa, ki sha har ki ƙoshi. Sannan ki ƙara kurɓa ɗaya. Wannan nawa ne."

Hawaye suna zubo mini, na toshe bakina da mayafi don kada kukana ya shiga ɗaukar. Ikon Allah, titin Bulumkutu da ba ya shiru, ko oda ɗaya ba a danna ba. Sai da Baba ya ɗago ya yi mini alama sannan na tuna ban tsayar da na'urar ba.

"Ya fito?" ya tambaya da raɗa.

"Ya fito, Baba."

"To, a ba raƙumi ruwa."

Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinsa.

Da darakta ya saurari abin da muka ɗauka, washegari sai ya watsar da duk zanen gwajin da ya yi wa fitowar, ya faro daga farko. Duk inda Baba ya ja numfashi sai haƙarƙarin raƙumin ya ɗaga, inda harshe ya manne sai na raƙumin ya manne. Daga baya an kai fim ɗin wani bikin finafinai, aka ba shi lambar yabo a kan zane. Na tambaya ina ta murya, aka ce babu gurbinta. Kai, ranar na yi faɗa har na gaji! Mutane suna share hawaye suna cewa zanen ya yi rai, ba su san numfashin wa suke kallo ba. Darakta da kansa yakan ce shi bin Baba kawai ya yi da alƙalami.

Baba ya rayu. Bayan wasu shekaru na kai masa ziyara Dala da la'asar, na same shi a gindin dogon yaro tare da jikarsa. Tana jaririya aka yi masa tiyatar, don haka ita dai ta san Kakanta mutum ne da ke tafa hannu in zai kira ta. Na kunna musu fim ɗin a kwamfutata. Da raƙumi ya fara magana, uwar yarinyar da ke zaune tare da mu ta ce mata, "Kin ji muryar nan? Ta Kaka ce."

Yarinyar ta dubi kwamfuta, ta dubi Kakanta, ta girgiza kai, ba ta yarda ba. Har aka zo fitowar ƙarshe. Sai Baba ya juyo da fuskarsa gare ta, ya fara motsa leɓɓansa tare da raƙumin, kalma da kalma, numfashi da numfashi, ko kuskure babu. Ta daina kallon fim ɗin, ta zuba wa bakinsa ido. A karo na farko tun da ta yi wayo, Kakanta yana yi mata magana.

Da ya kai wurin "wannan nawa ne", sai ta zabura ta ruga cikin gida. Muka zaci tsorata ta yi. Can sai ga ta tana tahowa a hankali, riƙe da moɗa da hannu biyu, ruwa yana zuba mata a riga. Ta kai bakinsa ta ce, "Kaka, ga naka."

Na sha ganin ana miƙa lambar yabo, ban taɓa ganin wadda ta kai moɗar nan ba. Har yanzu ina nan a kan bakana: masu ba zane rai da muryarsu sun cancanci a kira sunansu a gaban jama'a, a miƙe musu tsaye. Amma abin da ranar nan ta koya mini ya fi wannan kusa da gida. Murya aro ce, ana iya karɓe ta mutum yana nan da ransa. Tun daga lokacin, in babba yana magana ba na katse shi, ko da na sha jin labarin. A daren ranar ma ban jira ba, da na koma gida na zaunar da mahaifiyata na ce ta ba ni labarin ƙuruciyarta, na kunna na'ura.