Na Je Kotu Neman Sunan Mahaifiyata

Ni 'yar manoman shinkafa ce, a wani ƙauye na bakin gulbi kusa da Argungu na tashi. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata ce take rubuta mini wannan, wata Kirista da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, muna zaune katanga ɗaya a unguwar Badariya a Birnin Kebbi. A can baya ni yarinya ce mai zuciya, kuma a hannun Goggo, yayar mahaifina, na girma. Mahaifiyata ta bar gidanmu ina goye. Ta tafi da ni garinsu, da aka yaye ni sai aka je da jirgin ruwa aka ɗauko ni, kamar yadda aka saba. Ke nan na sha ruwan garin nan, na yi rarrafe a ƙasarsa, amma ban san sunansa ba.

A gidanmu ba a kiran matar gida da sunan yanka. Surukai ne ke laƙa mata wani suna ya bi ta. Ita tun da daga hayin gulbi aka auro ta, sai ake ce mata Ta Tsallake, kuma da wannan kaɗai na san ta. Abin da na tashi ina ji a bakin mata wajen sussuka shi ne, ba sakinta aka yi ba, ita ta kai kanta gaban alƙali ta nemi a raba auren. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Na ɗauka macen da ta taka da ƙafarta ta je neman rabuwa, da ni ma ta rabu. Don haka ban taɓa tambayar kowa komai a kanta ba. Da Goggo ta kwanta ciwon ajali na je jinya, ta kama hannuna ta ce in zauna ta faɗa mini dangin uwata, don ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka je ɗaukar amarya. Na ce mata ta sha kununta ta bar tone-tone. Ta kira ni mai taurin kai, ta ce wata rana zan nema da kuka. Na yi dariya na gyara mata matashi.

Ranar da ta faɗa ta zo bayan rasuwar maigidana a nan Birnin Kebbi. Da aka taru yi masa addu'a, malamin da ke jan addu'ar ya aiko cikin gida ya ce in ba da sunayen iyayena a haɗa su. Na faɗi na mahaifina. Da aka zo kan uwa sai bakina ya mutu. Ga surukaina, ga jikokina, kowa na kallona, tsohuwa da furfura ba ta san sunan wadda ta haife ta ba. Kukan da na yi a ranar mutane sun ɗauka na miji ne kawai.

Da na fita takaba na gaya wa maƙwabciyata. Ita ta ce mini tun da gaban alƙali aka je, to an rubuta, kuma kotu ba ta rubuta laƙabi. Ta ce in ɗaura zani mu tafi, har tana tsokanata wai tsohuwa za ta hau kabu-kabu neman uwa. Mun yi ta zuwa Argungu, yau a ce mu dawo, gobe a ce tsofaffin littattafan suna wani ɗaki sai mai mabuɗi ya zo. Daga ƙarshe muka samu wani magatakarda mai haƙuri da ke karanta rubutun ajami. Ya ba ni kujera, yana ce mini Inna. Ya tambaye ni sunan matar, na ce shi na zo nema. Ya tambayi shekara, na ce an ce mini shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama. Ya yi murmushi ya ce ai gulbin nan ya sha cin shinkafa tun kafin a haifi kakansa. Abin da ya rage shi ne sunan mahaifina da na ƙauyenmu, kuma masu irin sunansa a yankinmu sun fi a ƙirga.

Duk da haka bawan Allah nan bai kore mu ba. Ya yi ta buɗe littattafai, wasu shafukan sun manne, wasu tawadar ta dushe. Duk inda ya ga mace ta kai ƙarar miji mai sunan mahaifina daga wajejenmu, sai ya karanta mini sunanta da na ubanta. Na rufe ido ina saurare, ina jiran wani suna ya taɓa mini zuciya, don na ɗauka jini zai gane nasa. Ban ji komai ba. Duk sunayen mata ne irin na kowa. Sannan ya gaya mini abin da ya ƙarasa kashe mini jiki. Ya ce sau da yawa miji kan furta saki tun a zaure don kada a shiga gaban alƙali, kuma irin wannan ba a rubuta shi. Mai yiwuwa tana cikin waɗanda ya karanta, mai yiwuwa ba ta ciki. A cikin ƙararrakin da ya karanta na ji macen da aka bari da yunwa, na ji wadda aka doka. Sai a ranar na fara tunanin ko mahaifiyata tana da dalilinta.

Mun koma ƙauyenmu ko akwai tsohon da ya rage. Na tarar ni ce tsohuwar. Hayin gulbi kuwa garuruwa ne jere har inda ido bai kai, ba ka shiga ka ce kana neman dangin wata mata da ba ka san sunanta ba.

Abin da na gane shi ne, takarda ba ta amsa wa wanda bai san abin da zai tambaye ta ba, mutum ne ke amsawa, kuma mutum ba ya jira. Ku da iyayenku suka rabu, ko da fushi a ranku, ku je ku zauna gaban tsofaffinku yau, ku tambayi sunan yanka, ku tambayi gari. Ku kuma maza da goggonni, duk abin da ya haɗa ku da mace, kada ku ɓoye wa ɗa sunan uwarsa. Ni dai na makara. Maƙwabciyata ta rubuta sunayen matan nan tun a kotu, na sa ta yi ta maimaita mini har na haddace su. Kullum idan na idar da sallah sai in jera su ɗaya bayan ɗaya in roƙa musu gafara, ban kuma sani ba ko tawa tana cikinsu.