Kawu Isuhu Ya Dawo da Bakin Kano

A Barmu na girma, a hannun kakata ta wajen uwa, Kaka Rakiya, wadda aka ba ta ni riƙo tun ban iya ɗaura zane ba. A garinmu, da zarar an gama girbi an ɗaure dammunan gero, sai maza su watse. Wasu Abijan, wasu Libiya, wasu kudu. A bar mata da tsofaffi da mu yara da awaki. In shekara ta yi kyau, rumbu ya kai mu bazara. In ba ta yi ba, tun sanyi bai wuce ba ake fara tsallake tuwon dare, a ƙara wa fura ruwa. Yawancin shekarun da nake tunawa ba su yi kyau ba.

Bayan sallar lisha Kaka takan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta. Kara ba ya riƙe wuta, don haka kullum akwai mai tura sabo. Mukan taru, ni da 'ya'yan maƙwabta, mu dunƙule cikin zannuwan iyayenmu, hayaƙi na sa mu hawaye. Sau da yawa cikinmu babu komai sai ruwan fura, kuma ina jin shi ya sa iyaye suke barinmu mu daɗe a wurinta. Yaron da ke dariya ba ya tambayar tuwo.

A bakin mutanenmu, duk abin da ke hayin iyaka ta kudu Ingilishi ne, mu kuma Faransi. Kaka ta yi zaman Ingilishi da ƙuruciyarta. Kakanmu ya yi aikin kuku a Kano, a gidan wani Baturen Ingila mai sayen gyaɗa, kuma har ta tsufa son mutanen nan bai fita ranta ba. Tana da wani kofin tangaran mai tsaga a baki, da shi take shan shayi da madarar akuya in la'asar ta yi, ko da babu sukari. Mata na yi mata dariya, ita ko a jikinta.

"Kuna ganin Turawa duk baki guda gare su?" in ji ta. "A'a. Shi maigidan, maganatai ta hanci ta. Ita ko Misisi, matatai, daga arewacin ƙasarsu ta hito, garin masu haƙar gawayi. In ta buɗe baki sauran matan Turawa sai su dubi juna. Kamar dai yadda matan Kano ka yi min in nac ce za ni tahiya kasuwa."

Wannan dariyar da ake yi musu ce ta haɗa Kaka da Misisi. Misisi ta daina zuwa taron 'yan'uwanta, ta koma zama a madafa wurin Kaka. Tana kiranta "fet", wai a garinsu haka ake kiran wanda ake so, mu ma haka Kaka ke kiranmu. Misisi ce ta koya wa Kaka dafa sukari da madara da man shanu har su yi ja, abin da suke kira tofi. Duk ranar da wani ya dawo daga tafiya ya kawo wa Kaka sukari, takan dafa mana shi a ƙaramar tukunya, ta shanya a faranti, ta yanka ƙanana. Ya fi alewar madara ta kasuwa duhu da danƙo. Mukan ajiye shi a kunci mu hana kanmu taunawa.

Amma abin da ya fi tara mu shi ne bakinta. Takan yi maganar Bakano, ta juya ta yi ta Bazazzagi, ta yi Hausar Bature mai karyewa, sannan ta yi Turancin maigida da na Misisi, wanda ba ma jin ko kalma ɗaya amma muna jin bambancin. Kananci ta fi iyawa. In ta ce "Yaya dai? Ina za ka je ne?" tana langaɓe wuya, sai mu faɗi ƙasa.

Akwai wanda ba ta taɓa kwaikwaya ba. Ɗanta na fari, Kawu Isuhu, da shi aka tafi Kano yana ƙarami. Da Bature ya koma ƙasarsu iyayen suka tattaro suka dawo, shi kuwa ya riga ya zama yaron mota, ya ƙi biyo su. Da farko akan ji labarinsa a bakin matafiya, daga baya shiru. Kaka ba ta faɗin sunansa, don kunyar ɗan fari. In dole ta yi, sai ta ce "wancan na Kano".

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta Nomau. Ba ta buɗe ta yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta ce, "Ku matsa mata, ta iso," mu ce, "Ta zauna."

Wai an yi wata shekarar yunwa, har mutane suna tone gidan tururuwa. Wata mata da mijinta ya rasu tana da ɗa guda, Nomau. Ya ce zai tafi hayin gulbi ya samo abinci. A mashigin gulbin akwai dodo. Duk wanda ya zo hayewa, sai dodo ya ɗaga ludayi ya ce, mene ne wannan? Wanda ya faɗa da bakin mutanen hayi ya wuce, wanda ya faɗa da baƙon baki a cinye shi. Nomau ya ga ƙasusuwa a bakin ruwa, sai ya ɓuya cikin ciyawa yana sauraron mata masu wanki, yana maimaitawa a hankali, har harshensa ya juya. Ya fito, dodo ya tambaye shi, ya amsa daidai, ya haye.

Can ya yi aiki, ya ci ya ƙoshi, shekaru suka tafi. A gida kuwa uwar ta yi kuka har ta makance. Kura ta gane ita kaɗai ce, sai ta riƙa zuwa ƙofa tana kiranta da muryoyi iri-iri. Uwar ta tokare ƙofa da turmi, ta rantse ba za ta buɗe wa kowa ba sai muryar ɗanta.

Rannan Nomau ya dawo da buhun gero a ka, da ƙunshin alewa a aljihu. Ya iso bayan faɗuwar rana. A nan Kaka takan raba muryarta biyu.

"Inna, buɗe mana, ni ne."

"Ɗana ba haka shika magana ba."

"Wallahi ni ne, Inna. Na kawo miki hatsi."

"Tahi, kura. Na san ki."

Ya tsaya yana laluben yadda yake kiranta da, ya rasa. Kowace kalma ya ɗauko sai ta fito da bakin hayi. Yana nan yana kira har kurar ta iso. Da safe maƙwabta suka tarar da buhun gero jingine da ƙofa, da takalmi ɗaya. Uwar tana ciki, yunwa ta kusa kashe ta.

"Nan ta tsaya," in ji Kaka. "Ku tashi."

Ba mu son ƙarshen nan. Wani dare na ce, "Kaka, laihin wa na? Nashi ko nata?"

Ta daɗe tana tona toka da kara. "Laihin yunwa na, fet," ta ce.

Ina ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, lokacin da motar kasuwa daga Tawa ta sauke wani mutum dogo, ramamme, da 'yar jaka a hannu. Yana tari yana tambayar gidan marigayi kuku. Da yara suka ji bakinsa sai suka bi shi a baya suna "ina ne, ina ne". Ya tsaya a ƙofarmu ya yi sallama. Inna Hawa, ƙanwar mahaifiyata, ta leƙa ta dawo ta ce wani Bakano ne, wai shi ɗan gidan ne, kuma ita ba ta yarda da shi ba, 'yan damfara sun yi yawa.

A lokacin yanar ido ta riga ta rufe idanun Kaka, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Tana zaune a tabarma, ta ji sallamar ta biyu. Sai na ji ta ɗaga murya da Kanancin nan da muke wa dariya, amma babu wasa a ciki.

"Shigo mana. Ka tsaya a waje kamar baƙo?"

Ya shigo ya durƙusa a gabanta. Ta shafa fuskarsa, ta shafa ƙasusuwan kafaɗarsa, ta ce a kawo masa ruwa. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ba ta kuma kira sunansa ba.

Bai zo da komai ba. Motar da yake tuƙawa ta faɗi da shi, ya daɗe a kwance, matarsa ta koma gidansu da 'ya'yan, sannan tari ya kama shi. An kai shi asibiti a Tawa, likita ya ba da magani, amma ya gaya wa Inna Hawa a gefe cewa ciwon ya riga ya yi nisa. Aka ware masa ƙwarya da kofinsa. A masallaci ana gaishe shi, in ya amsa sai samari su sunkuyar da kai suna danne dariya. Sa'o'insa da suka yi wasan ƙasa tare ba su san abin da za su ce masa ba. Ɗan Ingilishi, haka garin ya sa masa. Ya gwada yin irin maganarmu sau ɗaya a kasuwa, aka yi ta maimaitawa har mako ya zagayo. Daga nan ya daina fita.

Da dare yakan zauna nesa kaɗan da wutar, saboda hayaƙi da kuma mu. Kaka ba ta yi masa magana sai da Kananci. Suna hirar unguwannin da ba mu sani ba, da gidan Bature, da itacen mangwaron da ya taɓa faɗowa daga kai. Ya tuna Misisi, ya ce ita ta fara sa masa takalmi. Kaka ta aika aka samo sukari, ta dafa tofi da lalube, ni ina riƙe mata tukunya. Ya sa ɗaya a baki, tari ya taso, ya fito da shi a tafin hannu da jini a jiki. Ya rufe hannun don kada mu gani. Na gani.

Wani yaro ya ce a yi mana Nomau. Kaka ta ce ta manta ta.

Da bazara ya kwanta. Zafi ya yi tsanani, rijiyoyi sun ja baya, rumbunmu ya kusa ƙarewa. Zazzaɓi ya riƙa ɗauke masa hankali. Ina yi masa fifita da rana tsaka sai na ji wata murya da ban sani ba ta fito daga bakinsa, irin maganarmu tsantsa, amma ta ƙaramin yaro.

"Inna, mi kika dahwawa? Yunwa nika ji."

Kaka ta matso da gwiwa ta lalubo hannunsa.

"Inna, yaushe za mu tahi gida?"

"Muna gida, Isuhu," ta ce. Ranar kaɗai na ji sunan a bakinta.

Kafin la'asar ya cika. Aka binne shi kusa da mahaifinsa. 'Ya'yansa na Kano ba mu san inda za a aika musu ba, har yau ba mu sani ba.

Kaka ta ci gaba da hura wuta, tana yi mana tatsuniyoyin dabbobi da na aljanu, dukansu da murya guda. In muka roƙe ta ta yi mana Bakano, sai ta ce ta gaji. Ba ta ƙara yi ba har ta rasu.

Yanzu ina koyarwa a wata lakwal a Tawa. Abokan aikina daga ko'ina suke, Damagaram, Maraɗi, Dosso, kowa da bakinsa, muna tsokanar juna a lokacin hutu. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Nomau gargaɗi ce ga masu tafiya, kada su yar da harshen gida. Haka ma na riƙa faɗa wa ɗalibaina shekara da shekaru. Ban ƙara faɗa ba tun da ɗana Karimu ya bi motar arewa.

Ya gama karatu bai sami aiki ba, ya yi kabu-kabu a gari har babur ɗin ya mutu, sai ya bi abokansa Libiya. Da farko yana aiko min da saƙon murya a waya. Ina ji Larabci na shiga maganarsa kaɗan-kaɗan, har gaisuwarsa ta sauya. Tun kafin daminar bara saƙon ya tsaya. Cikin waɗanda suka tafi tare, wani ya ce an kama shi, wani ya ce ya ƙara gaba wajen teku, wani ya ƙi ɗaga wayata.

Sai yanzu na gane Kaka ba da masu tafiya take ba. Su yunwa ce ta kore su, kuma dole su yi maganar inda za su ci. Da mu take, masu zama a bayan ƙofa. Duk shekarun da take sa mu dariya da Kananci, ina jin ajiye shi take a bakinta kada ya bushe, don in mutumin ya zo ya sami mai amsa masa.

Ni ba ni da Larabci sai na salla. Na roƙi wata maƙwabciyata da ta yi zaman can tana koya min gaisuwa da 'yan kalmomi. Kuma duk lambar da ban sani ba ina ɗauka, ko ina tsakiyar aji. Makon jiya wata ta kira, lambar waje. Namiji ne, yana magana da sauri kamar da Larabci, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na fita baranda, na faɗi duk abin da na koya, na faɗi sunana da sunan garinmu, na ce ina ji, yi magana, ina ji. Ina jin numfashinsa da ƙarar motoci a bayansa. Sannan ya kashe.

Na kira lambar ba ta shiga. Na koma aji, yara suna jirana, na ɗauki alli na ci gaba daga inda na tsaya.