Surukar Ishaku a Bango

Ishaku mutumin Kiyeshe ne. Ya yi noma, ya yi dako da amalanken jaki har jakin ya gaji ya mutu, sannan Allah ya ba shi gadi a wani ɗan ɗakin kayan tarihi da wata ƙungiya ta buɗe a Dogon Dutsi. Ni ke sayar da dambu a bakin ƙofar, don haka wannan ba ji na yi ba, gani na yi.

Aikin ba wuya. Ya zauna kan kujera, ya hana yara taɓa tsofaffin ƙoruka da kwari da baka. Da shi yake ciyar da matarsa Zalika da 'ya'yansu, kuma ba shi da wani.

Ana nan sai shugaban wurin, Abdul'aziz, wanda muke ce wa Mushe irin na Faransanci, ya kafa wata ƙatuwar tele a bango, daidai gaban kujerar. Ya ce mutanen yanzu ba sa kallon abin da ba ya motsi. 'Yan ƙungiyar sun shiga ƙauyuka sun ɗauko hoton tsofaffi suna sana'a. Aka kunna, sai ga wata tsohuwa tana kaɗi da mazari, tana bayani, tana kallon mutum ido cikin ido. Inna Lantana ce, uwar Zalika.

Ishaku ya zame daga kujera, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

Tun da ya auri Zalika bai taɓa ɗaga ido ya dubi surukarsa ba, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. To ga ta yanzu a bango, in ta gama ta sake farawa, tun safe har la'asar. Na ce, "Ishaku, hoto ne fa." Ya ce ya sani, amma hoton wa?

Ya koma zaman ƙasa, kai a sunkuye. Yara kuwa abin nema ya samu, har wani ya kifa ƙwaryar tarihi a kansa ya fita da ita. Abinci sai in wuta ta ɗauke. A duk garin nan Ishaku kaɗai ke hamdala in wuta ta tafi, ya leƙo ya ce in zuba. Da Mushe ya sa sola, cinikina ya faɗi, wandon Ishaku ya fara neman sabon mazagi. Haushi ya ishe ni, tausayi ma haka.

Mushe ya kira shi ya ce, "Malam Ishaku, gadi na ɗauke ka, ba gaisuwar surukai ba. Ko ka zauna kan kujerar nan ka ɗaga kai, ko in nemi wani a ƙarshen wata." Ishaku ya ce to, ya koma ya durƙusa.

Watan bai ƙare ba Inna Lantana ta rasu. Da Ishaku ya dawo daga zaman makoki, Mushe ya yi masa gaisuwa, ya ce zai cire ta daga tele ya sa hoton maƙera, kowa ya huta.

"In ka cire ta, Mushe, ba sai ka jira ƙarshen wata ba," in ji Ishaku. "Zalika ba ta da wani wurin da za ta ji muryarta."

Mushe ya daɗe yana juya makullin babur ɗinsa. Bai cire ta ba, bai kuma sake tada zancen ƙarshen wata ba.

Washegari na shiga karɓar kwanona, na tarar da Ishaku a kan kujera, takalmi a gefe, kai a ɗage. Inna tana murza mazari, ta faɗi wani abu ta yi dariya. Ya kalle ta har ta gama ta sake farawa.

"Ashe tana da wushirya," ya ce. "Ashe nan Afra'u ɗiyata ta samo ta."

Yanzu Zalika kan zo ranar kasuwa ta zauna gaban tele, shi kuma ya ba su wuri. Yara sun daina wasa da ƙoruka. Amma dambunsa har yau a waje yake ci, a bayan bango.