Ɗanin da Manaja ya yi a keken Malam Bukar

Har yau ban mance da safiyar Litinin ɗin da Manajanmu ya hau keken masinja ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kuna yawan tambayata me jami'in kula da ma'aikata yake yi in ban da raba takardar hutu, bari in ba ku wannan labarin.

A shekarar da aka cire tallafin man fetur ne, bayan Babbar Sallah da kaɗan, ana tsakiyar damina. Lokacin ni ke kan wannan kujera a kamfaninmu na dakon kaya da ke Titin Ibrahim Taiwo a nan Kano, bayan na yi shekaru ana jefa ni rassa: Injamena, Kwatano, Legas, har da ɗan zama a Hartum. A tsarin ofis Manaja ne a sama, sai akanta, sai ni, sai akawuna, masinja kuma shi ne na ƙarshe. Aikinsa ya kai takardun kaya wurin 'yan kasuwa a Sabon Gari, su sa hannu, ya dawo da su. In takarda ba ta dawo ba, mota ba ta tashi.

Masinjanmu Malam Bukar ne, Babarbare amma haifaffen Kwaciri, mutum mai iyali da yawa da son tsabta kamar ango. Da babur ɗin ofis yake zirga-zirga. Da mai ya yi tsada sai kamfani ya jingine babur, aka ba shi rance ya sayi keke, a riƙa cira a albashinsa kaɗan-kaɗan. Sharaɗin a fili yake: keke nasa ne, gyara nasa ne, kuma masinjan da ba shi da abin hawa za a nemi wani a madadinsa.

Ranar Asabar ya sayo shi a Sabon Gari. To a nan Kano ba a hawan sabon keke daga shago sai an kai shi wurin mai gyara an yi masa ɗauri, wato a bi kowane noti a matse, a daidaita birki. Bukar ya san haka sarai. Amma mai ɗauri sai ya yage leda da kwalin da aka naɗe keken da su, shi kuwa Bukar so yake ofis ya fara ganin keken da ledarsa. Saboda haka da hannu ya turo shi tun daga Kwaciri. Na zauna a garuruwa da dama, ban ga inda leda take da daraja kamar garin nan ba. A Kwatano mutum yana biya zai yage ta ya yar a ƙofar shago. Mu kuwa sai rana da ruwan sama sun cire ta da kansu.

Muka kewaye keke a tsakar harabar ofis, wannan ya danna ƙararrawa, wancan ya shafa sirdi, ana ta "Allah ya sa a kashe lafiya." Ana cikin haka motar Manaja ta shigo. Alhaji Bello sunansa, Bafulatani ne amma ba irin siraran nan ba, ya sha babbar riga ta shadda. Kun dai san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko a gaban alƙali ba su barinsa.

Ya ce, "Kai Babarbare, wa ya ba ka izinin sayen keke ubangidanka bai sani ba?"

Bukar ya ce, "Ranka ya daɗe, Bafulatani ai saniya ya sani. Ina ruwansa da keke?"

"Ni? Lokacin da nake zuwa makaranta daga Rijiyar Lemo, sakin hannu nake yi tun daga gida. Kawo ɗani in sa masa albarka."

Ɗani shi ne ka ba mutum abin hawanka ya ɗan zaga ya dawo, kuma ba a hana babba. Na ga Bukar ya buɗe baki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a kai shi..." sai ya haɗiye sauran, don a gaban jama'a maganar za ta yi kama da rowa. Manaja kuwa har ya tattare riga ya ɗora ƙafa.

Harabarmu gangare take zuwa bakin get, get ɗin kuma a buɗe yake saboda wata mota da ta fita. Da farko abin gwanin sha'awa, har akanta yana tafi. Sai muka ga Manaja ya matsa birki, birki bai ce komai ba. Ya karkata kan keke dama, taya ta ci gaba da tafiyarta a miƙe. Gefen riga ya shige cikin sarƙa. Haka ya wuce mai gadi yana salati, ya fita get, ya sauka cikin kwatar bakin titi wadda ruwan daren jiya ya cika.

Allah ya tsare, ko ƙwarzane bai yi ba, sai hula da ta bi ruwa. Keke ne ya ji jiki. Ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar murfin tukunya, ƙarfen da ke riƙe da ita ya koma baya. Kowa ya rufu a kan Manaja da sannu. Bukar ma bakinsa yana sannu, idonsa yana kan taya.

A faɗi gaskiya, Manaja bai noƙe ba. Yana tsaye ruwa yana ɗiga daga rigarsa ya ce, "Bukar, nawa gyaran nan zai ci?"

"Ba komai, ranka ya daɗe."

"A'a, faɗa mini."

"Haba, ba komai."

Duk ɗan Kano ya san yadda ake wannan. Ka ƙi sau ɗaya, ka ƙi sau biyu, in an sake tambaya sai ka sunkuyar da kai ka ce, "Duk abin da ka gani." Amma Bukar ya ga jama'a sun zuba masa ido, direbobi har da masu wucewa, sai abin ya ɗebe shi. Ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi tallahi ba zan karɓi ko kwabo na gyaran keken nan ba. Lafiyarka ta fi keke."

Jama'a suka ɗauka, "Kai, ɗan halak ne." Manaja ya ce, "To, Allah ya yi albarka," ya shige ofis da saurin da ban taɓa sanin yana da shi ba.

Da a Legas ne, ba a bari ya fito daga kwatar ba sai an gama lissafi. A Injamena da an shimfiɗa tabarma an dafa shayi, dattawa su yanke kafin a sha na uku. A Hartum na taɓa ganin mutum biyu suna rigima a kan irin wannan, kowa yana cewa shi zai biya, har suka kusa dambe. Mu a nan kowa ya ce ba komai, kowa ya tafi gida da abin a ransa.

Bukar ya koma tafiyar ƙafa cikin taɓo. Takardu suka fara makara, motoci suna kwana da kaya, direbobi suna gunaguni. Akanta ya ce in rubuta masa takardar jan kunne, wadda a dokar kamfani in aka yi ta biyu sai sallama. Rance kuwa ba ruwansa, ana nan za a cira ƙarshen wata.

Ranar Alhamis Bukar ya shigo ofishina ya tura ƙofa, ya fara yi mini Barbarci. Ba ya yinsa sai abu ya kai maƙura, kuma nawa da na koya a hanyar Injamena ya fi nasa. Da ya ga yana ta tuntuɓe sai ya dawo Hausa.

"Baba Sule, bakina ya kashe ni."

Na ce, "Ka je wurin Malam, limamin masallacinmu, a kan rantsuwar?"

"Na je. Ya ce in na karya sai kaffara, in ciyar da miskinai goma. Na ce ba hali, zan yi azumi. Ya ce mai albashi da sabon keke ba ya cikin marasa hali. Na ce keken ai ya karye. Ya ce albashin bai karye ba."

"To ka ciyar mana."

"Da me? Kuma ko na ciyar, da wane ido zan koma in ce wa Manaja na fasa, bayan har mai gadi ya ce mini ɗan halak?"

Muka ɗora keken a bayan a-kori-kura zuwa Sabon Gari, ko mai shago zai ɗauki wani abu a kansa. Alhaji Lamidi ne, Bayarabe, amma a nan aka yanke cibiyarsa. Na gaishe shi da Yarbanci mai kyau, na tambayi gida da iyali. Ya amsa da Hausar Kano tsantsa: "Baba, bar Yarbancin nan, ba zai rage maka komai ba." Ya duba taya, ya dubi Bukar. "An kai shi ɗauri?"

Bukar ya shiga gyara hula.

"Wa ya hau?"

Na kwatanta masa girman Manaja da hannu biyu. Ya ce, "Wannan ko an ɗaure sai an haɗa da addu'a. Ni dai lafiyayye na sayar. Shawarata, in akwai mai saye ku sayar da shi a haka, ku cika ku ɗauki wani."

Wannan magana ce ta tsaya mini a rai. Bukar kuɗin gyara ya rantse ba zai karɓa ba, bai ce ba zai sayar da kekensa ba. Muka biya wurin Malam, ya ce in ciniki ne na gaske, keke ya koma hannun mai saye har abada, babu abin da ya karye.

Bayan azahar na sami Manaja shi kaɗai. Na ce, "Ranka ya daɗe, motoci suna makara."

"Na gani. A ja kunnen masinja."

"Za a ja. Sai dai doka ta ce in bayyana yadda aka yi ya rasa abin hawa, kuma hedikwata za su karanta."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Sule, na tambaye shi a gaban kowa, ya rantse."

"Gyara ya rantse a kai. Amma keken na sayarwa ne."

"In sayi karyayyen keke?"

"A kuɗin sabo."

"Keken da ya sha kwata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum ɗaya ne ya taɓa hawansa, shi ma bai kai titi ba."

Ya yi dariya har da tari. Ya yarda, amma da sharaɗi: kada wanda ya ce ya biya kuɗin faɗuwa. A ce likita ne ya umarce shi da motsa jiki, shi ya sa ya sayi keke.

Aka kira Bukar, akanta ya zama shaida. Da Manaja ya faɗi kuɗin, sai na ji Bukar ya fara, "Haba ranka ya daɗe, ai ba..." Na taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur da duk nauyina. Ya ce, "Na sallama." Ranar muka koma wurin Alhaji Lamidi, Bukar ya ɗauki wani sabo, ni da kaina na raka shi wurin mai ɗauri. Ana yage ledar ya juya baya, wai ba zai iya kallo ba. Washegari takardu suka dawo a kan lokaci, ni kuma ban rubuta komai ba.

Wanda abin ya ƙare a kansa Manaja ne. Labarin likita ya bi bakin direbansa ya isa kunnen Hajiya, matarsa. Ta ji daɗi ƙwarai, ta sa aka gyara keken, kowace Asabar da safe a fito masa da shi ƙofar gida, tana leƙe ta taga har ya sha kwana. Kafin in yi ritaya sai da aka rage masa riguna. Duk inda muka haɗu a baranda sai ya nuna ni da yatsa ya ce, "Sule, kai ka ja mini."

Abin da na ɗauka a wannan lamari shi ne, a aikinmu gano mai laifi ba wuya, ko mai gadi ya san wanda ya hau da wanda bai kai ɗauri ba. Inda aikin yake shi ne a samo hanyar da babba zai biya ba tare da an ce ya biya ba, ƙarami kuma ya karɓa mutuncinsa yana nan. Saboda haka in ma'aikaci ya dafa ƙirji a gaban jama'a ya ce muku ba komai, kada ku yi masa musu. Ku ce to, ku koma ofis ku ajiye masa kujera. Zai zo, yawanci kafin Juma'a.