Lakwal a Bayan Burtali

Ɗiyata ta fari ba ta ji. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, ya bar mana ita da rai amma ya tafi da kunnuwan. Dama ba na kiran sunanta, 'yar fari ce, kuma ko na cire kunya na kira, wa zai amsa mini? In ina nemanta sai in buga ƙafa a daɓe, ta ji motsin a tafin ƙafarta ta waiwayo. Shi ya sa ta tsani takalmi. Da ƙafa take jin amalanke, da ƙafa take jin mota.

Makarantarsu tana tsakiyar Dakoro, kasuwa daga nan, likita, wato asibiti, daga can, gidanmu kuma ba nisa. Ita kaɗai take tafiya, hankalina kwance, don hanyar ta san ta. Mai shayin da ke bakin kwana, in mota na tafe, sai ya ɗaga mata kofi ta tsaya. 'Yan kabu-kabu masu baburan haya, waɗanda ko tsohuwa ba sa ragawa, in sun hango ta ba sa ɓata lokacin danna mata oda, kewaye ta suke yi. Ban taɓa roƙon ko ɗayansu ba. A aji kuwa malaminsu, mushe kamar yadda muke cewa, ya ajiye ta a teburin gaba don ta riƙa kallon bakinsa, kuma a lissafi babu mai kamo ta.

Wata damina aka tara mu iyaye a gindin itacen bedin makaranta, direkta ya ce za a mai da lakwal, wato makarantar, bayan gari, ta arewa, a gina shaguna a nan. Ba zan yi masa ƙarya ba, dalilansa ba na banza ba ne. Azuzuwan sun cika har wasu yara a ƙasa suke zama, ranar kasuwa mushe ba ya jin muryar kansa, filin wasa kuwa bai fi a shanya tabarmi ba. Can akwai fili. Amma duk wanda ya girma a garin nan ya san abin da ke tsakanin gari da wannan filin: burtali ne, hanyar da shanu ke bi su sauko rijiya.

Na miƙe da goyona na ce, "Mushe, in anka gama girbi anka saki gonaki, dabbobi sunka gangaro, ta ina yaran za su bi?"

Ya ce, "Madam, mun san da wannan. Za a sa mai tsaro, za a koya wa yara su saurara kahin su ƙetare."

"Wadda ba ta ji hwa? Da mi za ta saurara?"

Kafin ya amsa, wani mutum daga sabbin unguwanni, wanda ɗiyansa za su sami sauƙi, ya ce daga baya, "Yanzu don ɗiya guda za a hana ma gari lakwal mai kyau?"

Ina da baki, kowa ya sani. Na faɗa masa abin da bai kamata in faɗa a gaban maza ba, har mata suka ja zanena na zauna. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba shi da laifi sosai. Ɗiya guda ce. Tawa ce dai. Da maigida ya dawo daga hanyar Maradi, don direba ne, na zayyana masa komai, ya ce a bari a gani. Shi komai a bari a gani.

Aka buɗe sabuwar makaranta bayan an fara girbi. Ɗakunan siminti kaɗan, sauran rumfunan kara. Hanyar yashi ce da ƙarangiya, babu mai shayi, babu mai faci, babu ko inuwar da mutum zai zauna ya ga abin da ke wucewa. Mai tsaron da aka yi alkawari ban taɓa sa shi a ido ba. Ranar farko ta dawo ƙafafunta duk ƙaya, na zauna da allura ina cirewa tana kuka. Washegari na sayo takalmin roba mai kauri na sa mata. Ta cire, na mayar. Ta sake cirewa, na nuna mata tsintsiya. Ta haƙura.

Ni nake kai ta, ni nake ɗauko ta, safe da rana, azahar da marece, da ƙaninta a baya. Tuwo ya daina nuna a kan lokaci a gidanmu. Kullum in mun iso burtali sai in duba arewa, ba na ganin komai sai kara a gonaki, amma ban daina dubawa ba.

Sai jaririn ya kwana da zazzaɓi. Da safe na haɗa ta da yaran maƙwabta, na ja musu kunne su riƙe hannunta, ni kuma na nufi likita. Layi ya yi tsawo. Rana ta kusa tsakiya ina nan zaune, sai na ji wata mata a gefena tana ce wa 'yar uwarta an saki gonaki, Fulani sun soma saukowa tun jiya. Na miƙe na leƙa ta kan katanga. Ta arewa sama ta yi ja da ƙurar kofato, kuma lokacin tashin yara ya yi.

Ban san matar ba, amma na kwance yaron na ɗora mata a cinya. Na fita ba mayafi. Wani ɗan kabu-kabu ya ga yadda nake gudu, ya sha gabana ya ce, "Hau, Inna, ɗiyarki ce?" Na haye, ya ja babur muka nufi burtali.

Tun kafin mu isa nake jin ƙasa na rawa a ƙarƙashin babur. Jajayen shanu ne masu dogayen ƙaho, sun sha tafiya da ƙishirwa, sun jiyo ƙanshin rijiya, babu sandan da zai tsai da su. Burtali ya cika daga wannan gefe zuwa wancan. A ƙetare na hango yara sun taru suna tsalle suna ihu, suna nuna tsakiyar garken. Su sun ji kukan shanun da ihun makiyaya sun ja da baya. Ita tana gaba, ta saki hannu tana sauri ta zo gida, da takalmi a ƙafarta.

Na yunƙura zan faɗa ciki, ɗan kabu-kabun ya damƙe hannuna da hannu biyu. Na zage shi, na cije shi, bai sake ni ba. Ranar na kira sunanta. Na kira shi da dukkan ƙarfina a gaban jama'a, na sani sarai ba ta ji.

Da ƙurar ta ɗan lafa sai na ga hular malfa a tsakiyar ƙahoni. Wani tsohon makiyayi ne, ya durƙusa ya ba shanun baya, ya dafa sandarsa, garken yana rabuwa biyu a kansa yana sake haɗuwa. Ban san tsawon lokacin da muka tsaya a haka ba. Da maraƙin ƙarshe ya wuce, tsohon ya miƙe da ƙyar, sai ga ta a ƙarƙashin rigarsa, ta rungume allonta, takalmi ɗaya babu. Kafaɗarsa tana jini.

Ya ce, "Ɗiyata, na yi ta kira, na yi ta kira, ba ta waiwaya ba."

Na ce, "Ba ta ji, Baba."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "To mi ya kawo ta burtali?"

Ni mai bakin nan, sai na sunkuya na kama hannunta muka juya gida.

Ba ta sake komawa ba. Mushensu ya zo har gida da marece, ya ƙi zama a tabarma, ya ce shanu na ɗan lokaci ne, kar in kashe wa yarinya karatu. Na ce masa suna sauka da kaka, suna hawa da damina, ranar kasuwa ma ana koro su. Na ce, "Mushe, ka maido mani lakwal cikin gari, gobe in kawo ta da kaina." Ya ce ba a hannunsa abin yake ba. Bayan ya tafi na durƙusa gabanta na nuna mata da hannu: lakwal, babu. Sai ta rufe idanunta. Haka take yi in ba ta son jin magana, kuma in ta rufe su babu ta inda zan shiga.

Bayan 'yan kwanaki na neme ta da safe na rasa, allonta ma babu. Na fito, sai na hango ta a tsohuwar hanya, ƙafa ba takalmi. Na bi ta daga nesa. Mai shayi ya ɗaga mata kofi ta tsaya, mota ta wuce. Kabu-kabu ya kewaye ta. Ta shiga tsohuwar makarantar, inda aka jibge buhunan wake a ajinsu kafin a fara ginin shaguna, ta zauna a bakin ƙofa ta ɗora allo a cinya.

Na laɓe a bayan bedi ina kuka, ban kira ta ba, ban buga ƙafa ba. Tana nan zaune tana rubuta lissafi tana gogewa har rana ta kai tsakiya. Lokacin tashi na yi, ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta kama hanyar gida.